Canza Ƙafar Motar Gudu: Tambayoyi da Amsoshi kan Sifirin, Shokazoba da Saiti

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin masu motocin gudu, tun daga mai BMW E46 da ya gaji da lilon da take yi masa a kwana, har zuwa mai Golf GTI da yake son ya ɗan sauke ta ƙasa don kyan gani. Inda ake buƙatar misali an fi ɗaukar E46, wadda aka ƙera daga 1998 zuwa 2006, saboda tana da yawa a hannun matasa kuma an san cututtukanta ciki da bai. Kalmar "ƙafa" a nan kamar yadda makanikai suke faɗa ce: duk abin da ke tsakanin taya da gangar jikin mota.

1. A cikin kayan ƙafa, wane ne yake aikin me?

Sifirin shi ne yake ɗauke da nauyin mota, shi ne kuma yake yanke tsayinta daga ƙasa. Shokazoba ba ta ɗaukar nauyi. Aikinta ta hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya lotsa, ta hanyar tilasta wa man da ke cikinta ya bi ta wasu ƙananan kafofi. Stabilaiza sandar ƙarfe ce da ta haɗa ƙafar hagu da ta dama, ba ta cika tsoma baki ba idan ana tafiya miƙe, sai mota ta fara karkata a kwana. Hannuwa da boljoyin da bushin, wato robar da ke mahaɗin hannuwan, su ne suke riƙe taya a inda ya kamata ta tsaya.

Koyiloba kuwa, wadda kowa yake kira, shokazoba ce mai zare a jikinta kamar na noti, da wani zobe da sifirin yake zaune a kai. Ka juya zoben, mota ta hau ko ta sauka.

2. Motata tana lilo, tana kuma ƙara a rami. In sayi koyiloba kawai?

Dakata tukuna. Motar da ta haura shekara goma sha biyar a kan titi, mafi yawan abin da mai ita yake ɗauka rashin ƙarfin ƙafar kamfani ne, a gaskiya mutuwar roba ce. A E46 wuraren da ake fara dubawa sanannu ne: bushin ɗin hannun gaba, wanda idan ya mutu sitiyari yake rawa in an taka birki, bushin ɗin dogon hannun baya, wanda yake sa bayan mota ya riƙa yawo da kansa, da mazaunin shokazobar baya na sama. Akwai kuma cutar da ta fi duka tsada, wato tsagewar ƙarfen ƙasan mota a inda aka ɗaure katakon ƙafar baya, wato ƙarfen da yake riƙe da hannuwan ƙafar. A ɗaga mota, a haska da tocila, a duba wurin da kyau.

Idan ka ɗora ƙafa mai tauri a kan ƙarfen da ya fara tsagewa, ka ƙara masa gudun lalacewa ne. Da yawa waɗanda suka sabunta bushin da boljoyin, suka sa sabuwar shokazoba irin ta asali, sukan dawo su ce ba su san haka motar take ba, kuma maganar koyiloba ta mutu daga nan.

3. To idan komai lafiya, wace hanya ce a gabana?

Hanya uku ce. Ta farko, gajeren sifirin kaɗai, irin Pro-Kit na Eibach ko na H&R, wanda yake sauke mota kamar milimita 25 zuwa 40 gwargwadon motar. Ta biyu, sifirin da shokazoba da aka yi su don juna, misali B12 na Bilstein, wanda ya haɗa shokazobar Bilstein da sifirin Eibach. Ta uku koyiloba.

Ga wanda yake zuwa aiki da motar, yake kai iyali unguwa, sai ranar Asabar ya ɗan matsa mata, hanya ta biyu ta fi dacewa. Injiniyoyi sun riga sun daidaita komai, babu abin da za ka juya ka ɓata. Akwai ma ta huɗu da ba a cika ambata ba saboda ba ta da armashi a hoto: ka bar sifirin kamfani, ka sa Bilstein B6 ko Koni Sport mai ruwan ɗorawa. Tsayin mota yana nan yadda yake, amma ta nutsu. A kan titunanmu wannan zaɓi ba abin rainawa ba ne, kuma dalilin yana cikin amsa ta 5.

4. Zan iya sa gajeren sifirin a kan shokazobar kamfani? Yanke sifirin fa?

Za ta shiga, za ta yi tafiya, amma shokazobar za ta riƙa aiki a wurin da ba a yi ta don shi ba, da sifirin da ya fi ƙarfinta. Idan dama ta tsufa, ba za ta jima ba za ta fara zubar da mai. Shi ya sa Bilstein suka yi B8, wadda aka gajarta don gajeren sifirin.

Yanke sifirin da injin yanka, ko gasa shi da wutar walda don ya lotsa, wannan kam kada ma a fara. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, yankan kuma yana iya sa sifirin ya fita daga mazauninsa idan taya ta rataya.

5. Nawa ya kamata in sauke motar?

Ƙasa da yadda zuciyarka take so. Hotunan da kake gani na motocin Jamus da Japan, taya ta shige cikin jiki ba ko sararin yatsa, a kan tituna masu santsi aka ɗauke su. Kai kuwa akwai tudun rage gudu da mutanen unguwa suka yi da siminti ba tare da awo ba, akwai ramin da ruwan damina ya ɓoye, akwai gangaren shiga gida. Abin da yake fara taɓa ƙasa yakan zama bamba, ko salansa, ko kaskon man inji, kuma fashewar wannan na ƙarshe yana iya cinye injin gaba ɗaya. Milimita 20 zuwa 30 ta ishi motar da ake hawa kullum.

Ban da taɓa ƙasa, akwai abin da ido ba ya gani. Kowace ƙafa tana da iyakar tazarar da za ta iya lotsawa kafin ta daki robar tsayawa da ke kan sandar shokazoba. Duk milimitar da ka sauke, daga wannan tazarar ka cire. Idan ta ƙare, mota tana tafiya ne a kan roba, ba a kan sifirin ba, sai ka ji tana tsalle kamar amalanke, taya tana barin ƙasa a tsakiyar kwana.

Sannan a mota mai ƙafar gaba irin ta MacPherson, wato wadda shokazoba ce take riƙe taya ta sama, hannu kuma ta ƙasa, kamar E46 da Golf da Subaru WRX, idan aka sauke ta har hannun ƙasa ya karkata sama ta wajen taya, lissafin ƙafar yana juyewa. Motar tana ƙara samun dalilin karkata maimakon ta rage, kuma sitiyari yana iya fizga da kansa idan taya ɗaya ta hau tudu. Abu mai sauƙin dubawa: ka durƙusa ka kalli hannun ƙasa. Idan yana kwance daidai da ƙasa, ko ya ɗan gangara zuwa wajen taya, kana cikin iyaka.

6. Ashe ba ƙafa mai tauri ce ta fi riƙe titi ba?

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. Taya ce take riƙe titi, kuma ba ta riƙe komai idan tana sama. A filin tsere mai santsi tauri yana da amfani, domin yana hana mota karkata, yana sa ta amsa sitiyari nan take. A kan kwalta mai ƙuraje, ƙafa mai tauri tana tsallake ƙurajen ne maimakon ta bi su. Direba yana jin motar ta yi kaifi, alhali riƙonta ya ragu. Dubi motocin tseren daji: gudunsu ya fi na kowa a mugun hanya, kuma ƙafarsu doguwa ce mai yalwar motsi.

Ana rubuta ƙarfin sifirin da kilo a kan milimita. Sifirin 8k yana nufin kilo 8 ne suke lotsa shi milimita 1. Amurkawa suna amfani da fam a kan inci, kuma 1k ya kai kamar 56 a nasu awon, don haka 8k ya kusa 450. Amma kada ka kwatanta lambar gaba da ta baya kai tsaye, ko ta wata mota da taka. A bayan E46 sifirin ba ya kusa da taya, yana can ciki a kan hannu, saboda haka taya ba ta jin dukkan ƙarfinsa. A ce idan taya ta motsa milimita 10 sifirin yana motsa 6.5 ne kawai. Sai ka ninka 0.65 da kanta, ka sami kusan 0.42, ka ga sifirin 10k ya koma kamar 4.2k a wajen taya. Shi ya sa za ka ga kit, wato kayan ƙafa da ake sayarwa a haɗe, mai lambar baya da ta fi ta gaba, kuma ba kuskure ba ne.

7. Shokazoba mai bututu ɗaya ko mai bututu biyu?

Mai bututu ɗaya, irin galibin B6 da B8 na Bilstein da Road & Track na Öhlins, tana da babban fistin da iskar gas mai matsi, tana saurin fitar da zafi. Mai bututu biyu, irin KW V1 zuwa V3 da galibin Koni Sport, takan fi laushi a ƙananan ƙuraje, kuma idan dutse ya ɗan lotsa bututun waje tana iya ci gaba da aiki. Ingancin kafofin da ke ciki ya fi yawan bututu muhimmanci. Kada wannan tambaya ta hana ka barci.

8. Wane kamfani, kuma maɓallan saiti nawa nake buƙata?

KW na Jamus sun jera nasu a fili: V1 tsayi kawai ake gyarawa, V2 an ƙara saitin dawowa, wato saurin miƙewar shokazoba bayan ta lotsa, V3 kuma dawowa daban, lotsawa daban. Bilstein suna da B14 mai tsayi kawai, da B16 mai maɓalli. Öhlins na Suwidin, wanda Kenth Öhlin ya kafa a 1976, yana sama a farashi. Tein na Japan da BC Racing na Taiwan sun fi sauƙin kuɗi, kuma BR na BC yana zuwa da ƙyas 30 a maɓallinsa, wato matakan tauri 30 da ake jin ƙararsu idan ana juya shi.

Yawan ƙyas ba shi ne inganci ba. Shokazoba mai kyau marar maɓalli ko ɗaya ta fi mai ƙyas talatin da ta hagu da ta dama ba su yi daidai ba. Idan ba ka da niyyar zama da littafi kana rubuta abin da ka juya, kamar yadda amsa ta 13 ta bayyana, sayi marar maɓalli ka huta.

9. Sabuwa, ko 'yar Beljiyam, ko mai arha ta intanet?

Hannu da katako da stabilaiza na hannu-biyu ba laifi, ido yana iya tantance su, kuma ana samunsu a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas. Shokazoba ce matsalar. Wankakkiya mai sheƙi tana iya zama matacciya a ciki, kuma danna ta da hannu a bakin shago ba ya nuna komai sai ko tana da sauran gas. Idan dole ne, duba sandar ko ta yi ƙarzo ko ta lanƙwashe, duba jiƙewar mai, ka tabbata zoben tsayi yana juyawa.

Koyiloba marar suna da ake sayar da guda huɗu a kuɗin da bai kai na shokazoba ɗaya mai kyau ba, ita ce arha ba ta ado. Jabun manyan sunaye ma suna yawo. Ka nemi lambar kaya da ke jikin kowace ɗaya, ka duba ta a shafin kamfanin, ka tabbata ta motarka ce da irin injinta, domin mai silinda shida da mai huɗu ba nauyinsu ɗaya ba a gaba.

10. Wane kuskure aka fi yi wajen ɗaurawa?

Ɗaure notin bushin alhali mota tana rataye a kan jak. Robar bushin a manne take da ƙarfenta, murɗawa take yi, ba juyawa ba. Idan aka matse ta taya tana rataye, da an sauke mota robar ta riga ta murɗe, haka za ta zauna har ta yage. Sai nauyin mota ya zauna a kan ƙafa sannan a yi matsewar ƙarshe. Idan ka sauke tsayin mota, tsofaffin bushin ma a sassauta su a sake matsewa a sabon tsayin. Ka gaya wa makanike wannan cikin ladabi: "Oga, don Allah a bar matsewar sai ta sauka." Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Sauran: kada a sa bindigar iska a notin saman sandar shokazoba, tana iya juya sandar ta ɓata ciki. Kada a kama sandar da filaya. A matse sifirin da na'urar matsewa ta gaskiya, domin sifirin da ya kuɓuce yana karya hannu, yana iya kisa. A lura da wayar ABS da tiyon birki kada su goga, sannan a juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ga ko taya tana taɓa wani abu.

11. Idan na ƙara matse sifirin da zobe, zai ƙara tauri?

A'a, in dai sifirin mai ƙarfi bai-ɗaya ne. Sifirin 8k yana nan 8k ko ka matse shi. Abin da ka canza shi ne tsayin mota, da yadda aka raba tazarar motsi tsakanin lotsawa da ratayawa. A koyiloba mai zobe a sama da wani a ƙasa, irin BC da Tein Flex Z, ka saita matsin sifirin yadda takardar kamfani ta ce, ka kulle shi, sannan ka gyara tsayi da na ƙasa. Ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin jikin mota, a kan daɓe mai daidai, ba daga ƙasa ba, don iskar taya kada ta ruɗe ka.

Wanda yake shiga filin tsere yana iya ƙarawa da awon nauyi a kan sikeli huɗu, direba yana zaune a ciki, har gaban dama da bayan hagu su ɗauki kashi 50 cikin 100 na nauyin. Motar gari ba ta buƙatar wannan.

12. Dole ne a yi saitin ƙafa bayan an gama?

Dole ne, ko da sifirin kaɗai aka canza. Ka ɗan yi yawo da motar kwana biyu ko uku ta zauna, ka sake auna tsayi, sannan ka kai ta wurin masu saiti da kwamfuta. Duk lokacin da ka sake taɓa tsayi, saitin ya tashi.

Abu uku ake dubawa. Kamba ita ce karkatar taya: idan samanta ya shiga ciki, lambar tana ƙasa da sifili. Digiri 1 zuwa 1.5 ƙasa da sifili ya wadatar a gari, masu filin tsere sukan kai 2.5 zuwa 3 a gaba, kuma hakan yana buƙatar farantin sama mai zamewa. Kasta tana sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa. Na ukun ana kiransa "to", shi ne ko hancin tayoyin yana kallon juna ko yana kallon waje. Mutane suna ɗora wa kamba laifin cin taya ta ciki, alhali "to" ne babban ɓarawo, domin tayar da ba ta miƙe ba jan ta ake yi a kwalta kowane mita. A motar da baya ne yake turawa, a bar bayan da ɗan "to" na ciki, shi ne yake sa ta nutsu idan an taka mai. Ka karɓi takardar awo ta kafin aiki da ta bayan aiki, ka ajiye.

13. Yaya ake saita maɓallin shokazoba?

Ka fara da lambar da kamfani ya bayar. Yawanci ana ƙirgawa ne daga ƙarshen tauri: ka juya a hankali har ya tsaya, ba da ƙarfi ba, sannan ka dawo baya kana ƙirga ƙyas. Zaɓi hanya ɗaya da ka sani, mai kwana da ɗan gargada, marar cunkoso, ka riƙa bin ta. Canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ƙyas biyu, hagu da dama tare, ka rubuta.

Idan mota ta hau tudu ta yi lilo sau biyu ko uku kafin ta tsaya, dawowa ta yi laushi. Idan kuma a jerin ƙuraje ka ji tana ƙara nutsewa tana ƙara tauri, kamar ana jan ta ƙasa, dawowa ta yi yawa, sifirin ba ya samun damar miƙewa kafin ƙurji na gaba. Idan kowane ɗan tsakuwa yana zuwa maka a ƙugu, lotsawa ce ta yi yawa. Kafin duk wannan ka gyara iskar taya da geji naka, da safe tana sanyi, don masu faci sukan cika ta fiye da kima.

14. Mota tana ƙin juyawa a kwana, ko bayanta yana zamewa. Me zan taɓa?

Ƙa'idar ita ce ɓangaren da ka ƙara wa tauri shi ne zai fara sakin titi. Idan ka juya sitiyari hanci ya ci gaba da tafiya waje, ka sassauta gaba ko ka ƙara wa baya, ko ka ƙara kambar gaba kamar yadda amsa ta 12 ta nuna. Idan baya ne yake son wuce gaba, ka yi akasin haka. Stabilaiza mai ramuka ta fi sauƙin wannan aiki: ramin da ya fi kusa da sandar ya fi tauri.

Masu Golf GTI da Civic, da gaba ne yake ja, sukan ƙara kaurin stabilaizar baya don motar ta yarda ta juya. A BMW a yi hattara. Kamfanoni da gangan suke barin mota tana ɗan tura hanci, domin direban da ya firgita ya ɗaga ƙafa daga mai, motar ta dawo hanya. Idan bayan mota ya zame ranar da aka yi ruwan farko, kwalta ta yi santsi da ƙura da mai, ba ya jiran kowa ya shirya. Gwajin irin wannan a fili rufaffe ake yinsa, ba a titin da mutane suke tsallakawa ba.

15. Babban wili fa, da motoci masu shokazobar lantarki?

Gefen taya ma sifirin ne. Taya 225/45 R17 tana da gefe kamar milimita 101, 225/40 R18 tana da 90, 225/35 R19 kuwa ba ta kai 80 ba. Ka haɗa siririyar taya da ƙafa mai tauri, rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa wili ko ya kumbura taya, a E46 har ƙarfen saman shokazobar gaba yakan kumbura. Inci 17 ya fi dacewa da ita a nan.

Motocin da kwamfuta take sarrafa shokazobarsu, kamar Golf mai DCC ko M3 mai EDC, za su kunna fitilar gargaɗi idan aka cire ta asali. Ko ka sayi kit da ke aiki da tsarin, ko ka haɗa da 'yar na'urar da ke kashe gargaɗin. Mai fitilar zenon kuma ya sa a sake saita haskensa bayan sauke mota.

16. Bayan wata shida ta fara ƙara, zoben kuma ya ƙi juyawa. Ta lalace ne?

Ba lallai ba. Ƙwanƙwasa daga gaba sau da yawa 'yar sandar stabilaiza ce, ko zoben kulle da ya sassauta, ko notin sama. Mazaunin sama na ƙarfe zalla dama yana da surutu tun yana sabo, ƙura kuma tana saurin cinye shi, don haka na roba ya fi wa motar gari. Bushin na foliyuritan, wato roba mai tauri, yana kuka idan giris ɗinsa ya bushe.

Zare kuwa ƙurar hunturu da taɓon damina ne suke cushe shi. Ka wanke da ruwa da buroshi, ka fesa mai sassauta tsatsa, ka ɗaga mota nauyi ya bar sifirin, sannan ka juya da sifanar da ta zo da kit ɗin, ba da guduma da kurfi ba. Idan ka ga mai yana gangarowa a jikin shokazoba, ba ɗan danshi kawai ba, ta gama aiki. Manyan kamfanoni suna sabunta cikin nasu, sai dai aikawa waje da dawowa yana ɗaukar makonni, saboda haka kada ka sayar da tsohuwar ƙafarka ranar da ka cire ta. Ka wanke ta, ka ɗaure a buhu, ka rubuta hagu da dama.